Kar ku yi saurin ce wa yaro mai taurin kai

Ƙannena masu ƙananan yara, lokacin da babban ɗana yake ƙarami, da safe nakan jero masa aiki a numfashi ɗaya, je ka wanke baki ka sa takalmi ka ɗauko jaka ka kira ƙanwarka, sai ya yi na farko ya ɓuge da wasa, ni kuma in hau faɗa wai ba ya jin magana, ƙarshe in ƙwace in yi komai da kaina don sauri. Wallahi na cuce shi, ga tsoro na sa masa ga koyon na hana shi.

Ashe riƙe saƙo a ka har a gama aiki, da danne zuciya in ta ce yi yanzu-yanzu, da canza dabara in ta farko ta ƙi, duk aikin gaban ƙwaƙwalwa ne, nan bayan goshi, kuma wajen ba ya gama nuna sai mutum ya kai kusan shekara 25. Tsakanin shekara 3 da 5 abin yake haɓaka da sauri sosai. Tsawa da firgici da ƙarancin barci kuwa raunana shi suke yi, kenan duk ihun da nake yi ƙara dagula lissafin yaron nake.

Kuma fa maganar ba ƙarama ba ce. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi yara kusan 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973 har suka kai shekara 32, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna waɗanda suka fi kame kai suna yara sun fi lafiya, sun fi iya riƙe kuɗi, ba su cika faɗawa hannun hukuma ba, ko da an yi la'akari da basira da arzikin iyaye.

Don Allah ku riƙa ba yaro aiki ɗaya ko biyu, ku sa ya maimaita da bakinsa. Ku bar shi ya haɗa jakarsa tun da dare ko da zai ɓata muku lokaci, nan ne haƙurin yake da wuya na sani. Wasan da ake jiran layi, da wanda yara ke kwaikwayon likita ko malami, horo ne babba, kar ku kore su. In kuma mantuwar da rashin zama wuri ɗaya sun yi yawa a gida da makaranta duka, ku kai shi likitan yara ya duba.