Ranar da Pijo ta samu giya ta biyar

Asabar, bayan sallar isha'i

Har yanzu ƙarƙashin farcena baƙi ne, na wanke da omo sau uku bai fita ba. Amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta, don gobe rabin abin zai zube daga kaina.

Motar dai ita ce 504 ɗin marigayi mahaifinmu, salun, haɗin Kaduna, mai giya huɗu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake jin kukan injinta a aljihuna. In na hau titin Zariya na sa giya ta huɗu, sai ta yi ta ihu kamar tana neman wata giyar, hannuna ma ya kai kan sandar, in tuna babu. Wata biyu da suka wuce na samu gidan giya mai biyar na gidan Pijo, na saya, na ajiye a zaure na rufe da buhu. Uwargida kullum sai ta yi tuntuɓe da shi ta tambaye ni yaushe baƙon nan zai tafi. Yau ya tafi.

Da hantsi na kai motar garejin da muke zaman majalisa duk Asabar. Mu ba ƙungiya ba ce, ba mu da shugaba ba mu da katin shaida. Masu tsofaffin Pijo ne kawai da suka gano juna: wani malamin makaranta, wani Alhaji mai 505, wani tsohon direban tasha, sai yara biyu masu koyon aiki. Sai kuma Baba, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana haɗa waɗannan motoci a Kakuri da ke Kaduna, a zamanin da kamfanin Pijo da aka buɗe a 1975 yake kan ganiyarsa. Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya shiga rami. Kujera ake ajiye masa a bakin ramin, yana jan carbi yana ba da umarni.

Cire tsohon gidan giyar bai ba mu wahala sosai ba, sai dai ƙura da tsatsa a ido. Wanda bai san 504 ba zai ɗauka kwance noti huɗu ne a sauke. A wannan motar farfela, wato sandar da ke kai juyin giya zuwa ƙafafun baya, tana cikin wani bututun ƙarfe ne da ya haɗe gidan giya da aksul na baya, sun zama abu guda. Dole sai an sassauta na bayan an ja shi baya kafin giya ta samu hanyar fita. Kafin azahar mun sauke shi.

A nan ne asirina ya tonu. Muka jera tsoho da sabo a ƙasa, Baba ya sunkuya ya shafa su da hannu, daga kai har wutsiya, sai ya ɗago ya ce, “Ɗana, ina bututunsa?”

Na ce, “Wane bututu, Baba?”

Alhaji ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe mai giya biyar ya fi mai huɗu tsawo, saboda giyar ƙarin a bayansa take zaune. In gidan giya ya ƙara tsawo, dole farfela da bututunta su rage, in ba haka ba aksul ba zai koma mazauninsa ba. Wata biyu ina kallon abin nan a zaure, ban taɓa tunanin in sa tef in auna ba. Laifina ne, ba na mai sayarwa ba, don abin da na tambaya shi ya ba ni.

Ɗaya daga cikin yaran ya ce a kai wa mai walda ya yanke ya haɗa. Baba bai ko kalle shi ba. Ya ce farfelar da aka yanke aka liƙa, in ba a daidaita ta ba, a gudun tamanin za ta fara girgiza mota, ta cinye boris, wata rana ta tsinke da iyali a ciki. Ya ce a nemo ta asali. Ni kuwa gabana ya faɗi, don motata tana kan rami ba giya, kuma Litinin akwai aiki.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake rubutun nan. Ban roƙi kowa ba. Kowa ya zaro wayarsa. Direban tasha ya kira wani abokinsa a kasuwar Panteka, malamin makaranta ya kira surukinsa da ke Ƙofar Ruwa a Kano ko za a sako a motar haya, Alhaji kuma ya tuna da wata salun mai giya biyar da ta yi haɗari, tana ajiye a bayan gidan wani amininsa shekara da shekaru, kaji na ƙwai a ciki. Na Panteka ya fara isowa a kan babur, muka yi murna, Baba ya sa aka auna: na wagon ne. Tsakanin ƙafafun gaba da na baya a wagon mita 2.90 ne, na salun 2.74, ko kusa ba zai shiga ba. Muka biya ɗan acaɓa ya mayar.

Bayan mun yi sallar azahar muka ci shinkafa da wake a faranti ɗaya, Alhaji ya ɗauki yaran biyu da akwatin sifana a motarsa suka tafi gidan aminin nasa. Sai wajen la'asar suka dawo, farar shaddarsa ta koma kalar ƙasa, bututu da farfela suna leƙowa ta but. Na tambayi kuɗi. Ya ce mai motar ya ce tun da ta gidan marigayi ce, a yi masa addu'a kawai. Ashe sun taɓa zama unguwa ɗaya da mahaifinmu. Na rasa abin cewa, sai na koma rami.

Tun da an riga an buɗe, na sa sabon faifan kuloci da boris ɗinsa, don ba na son sake wannan aikin nan kusa. Wajen saita faifan a tsakiya Baba ya ciro wani guntun ƙarfe daga aljihun rigarsa, tsohon sandan cikin giya ne da ya yanke tun da daɗewa, ya yi sumul saboda shan hannu. Aka zura shi, aka ɗaure, aka zare, gidan giya ya shige kamar an shafa masa mai. Yaron da ya kawo shawarar walda ya karɓi ƙarfen yana jujjuya shi, na ga alamar gobe zai nemi nasa.

Na zo da galan ɗin man giya mai kauri, Baba ya ce in mayar da shi but. Wannan gidan giyar man inji yake sha, mai kauri yana sa ta yi tauri da sanyin safiya. Sai fitar da iska daga kuloci, tun da na 504 da mai yake aiki: ni a kujerar direba, direban tasha a ƙasa yana ta “Taka! Taka! Riƙe!” har cinyata ta fara rawa.

Ana kiran magariba muka sauke ta. Bayan salla mu biyar muka cika motar, Baba a gaba. Mun wuce Kawo, hanya ta buɗe, na sa ta huɗu, ta fara ihun nan nata. Baba ya ce, “To, bismilla.” Na taka kuloci na tura. Sai motar ta yi shiru. Gudun bai ragu ba, amma injin ya sauke murya, don a ta biyar juyinsa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Har na ji ƙarar wani abu a dashbod da ban taɓa sanin yana kaɗawa ba. Daga baya Alhaji ya ce a ba shi tukuici, malamin makaranta ya ce ai shaddar ce ta cancanci tukuici.

Na sauke Baba a ƙofar gidansa, na dunƙule wani abu na miƙa masa. Ya ture hannuna. Ya ce abu ɗaya yake so, kada in sayar da tsohon gidan giyar ga masu gwangwan, in wanke shi in ajiye, akwai ranar da wani a majalisa zai nema. Na ce to.

Ga shi can a zaure, daidai inda wancan ya tashi, na rufe shi da buhun. Uwargida ba ta gani ba tukuna. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, da asuba zan duba ko akwai ɗigon mai.