Aikin likita a Mina da abin da alhaji yake ɓoyewa

Duk shekara idan Hajji ya ƙarato, Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya takan tsamo likitoci da ma'aikatan jinya daga asibitocinta na faɗin ƙasar ta tura su Makka da Mina da Arfa da Muzdalifa, domin Mina, garin tantunan da yake zaune shiru tsawon shekara, yakan wayi gari da mutane kusan miliyan biyu a cikin 'yan kwanaki. Ni likitan manya ne, na yi karatu na kuma fara aiki a arewacin Najeriya kafin in koma wani asibitin gwamnati a yankin Makka, kuma ina cikin waɗanda aka sha turawa Mina. Da yake da Hausa na tashi, kusan duk wanda aka kawo daga tantunan Najeriya ko Nijar ko Kamaru sai an kira ni kansa, ko da ba ni ne mai kula da gadonsa ba.

Kayan aiki ba su ne matsalarmu ba. Akwai magani, akwai ruwan ƙari, akwai ɗakin kulawa ta musamman da injin wankin ƙoda, kuma alhaji ba ya biyan ko riyal ɗaya, ko da aikin zuciya aka yi masa. Wanda ya taɓa rubuta wa majinyaci magani a gida yana kallon 'yan uwansa suna lissafin abin da ya rage a aljihu, ya san girman wannan ni'ima. Abin da yake yi mana wuyar samu shi ne gaskiyar labarin ciwo daga bakin mai ciwon, a kan lokaci, tun kafin jiki ya rushe, kuma na daɗe kafin in fahimci cewa dalilin ɓoyewar ba jahilci ba ne.

Hajjin 2024 ya faɗo a tsakiyar watan Yuni, kuma zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. A rana ɗaya kawai ma'aikatar ta ba da labarin mutum fiye da 2,700 da zafi ya galabaitar, daga baya kuma ministan lafiya Fahad Al-Jalajil ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da takardar izinin Hajji. A irin wannan yanayi galabaita daban take da bugun rana. Mai galabaita yana zufa, yana jiri, yana jin ƙishi, amma hankalinsa yana tare da shi, kuma inuwa da ruwa mai ɗan gishiri da suga sukan mayar da shi daidai. Wanda rana ta buga kuwa zafin cikin jikinsa ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwarsa ta fara taɓuwa, sau da yawa tsoho ma zufar takan ɗauke masa gaba ɗaya, fatarsa ta bushe ta yi zafi rau. Farasitamol ba ya yi masa komai, domin ba zazzaɓi ba ne. Jiki ne ya zama kamar tukunya a kan murhu, kuma abin da ake bukata shi ne a sauke ta nan take: a cire masa tufafi, a riƙa fesa masa ruwa ana kaɗa masa iska mai ƙarfi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a ɗaura masa ruwa mai sanyi, da nufin zafin ya sauko ƙasa da digiri 39 cikin kamar rabin awa. Wannan dabara ta feshi da iska tana da tarihi a nan, domin saboda alhazai ne Mustafa Khogali, likita ɗan Sudan, da abokin aikinsa Weiner suka fito da gadon sanyaya jiki da aka sani da sunan Makka a wajajen 1980.

Wata rana bayan la'asar, a cikin kwanakin jifa, wasu mutum biyu suka shigo da wani dattijo a kan keken marasa lafiya. Ɗansa ya ce mini, "Likita, tun bayan azahar Baba yake sambatu, ni kaina bai gane ni ba." Na tambaye shi abin da suka yi masa a tsakanin, sai ya ce sun zaci iska ce ta taɓa shi a hanyar dawowa daga wurin jifa, don haka suka kwantar da shi a tanti ana yi masa tofi. Ma'aunin zafi ya nuna sama da 41. Ban yi musu faɗa ba, domin faɗa a wannan lokaci ɓata minti ne, kuma wanda ka kunyata yau ba zai kawo maka ɗan uwansa gobe ba. Na ce su koma gefe su ci gaba da addu'ar da suke yi, mu kuma muka shiga namu aikin. Dattijon ya farfaɗo da dare, amma ƙodarsa ta taɓu, sai da aka yi masa wanki kafin ta dawo daidai. Tun daga lokacin, duk jagoran alhazai da na haɗu da shi nakan gaya masa magana ɗaya, cewa duk wanda ya fara surutai ko ya rikice a ranar zafi, a ɗauka rana ce ta buge shi har sai likita ya ce ba ita ba ce, a jiƙa shi da ruwa, a taho da shi ana yi masa addu'ar a hanya.

Babban abin da ke hana alhaji faɗin ciwonsa shi ne tsoron a kwantar da shi ya rasa Arfa. Ya kamata likita ya ɗauki wannan tsoro da muhimmanci, domin mutumin da ke gabansa wataƙila ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera, ko 'ya'yansa ne suka haɗa masa, kuma a ganinsa mai farar riga shi ne shinge na ƙarshe tsakaninsa da abin da ya zo nema. Wata Hajiya da aka kawo a ranar 8 ga Zulhajji, tana dafe da ƙirji tana cewa ƙwarnafi ne kawai, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ɗana, don girman Allah kada ka kwantar da ni. Gona muka sayar." Gwajin zuciya ya nuna ba ƙwarnafi ba ne. Da na fara yi mata bayanin jijiyoyin zuciya sai na ga ba ta ma saurare, saboda haka na bar wannan na gaya mata abin da take son ji, wanda kuma gaskiya ne: cewa ma'aikatar lafiya takan shirya ayarin motocin asibiti a ranar Arfa, a ɗauki alhazan da ke kwance a asibitocin Makka, da likitoci da nas-nas a tare da su, a kai su Arfa su samu tsayuwa sannan a mayar da su gadajensu, kuma a Arfan kanta akwai asibitoci. Sai da ta sa na maimaita, sannan ta saki rigar ta ce, "To, ka yi abin da ya dace." A nan ne ta yarda ta faɗa cewa tun a Madina ciwon yake taso mata idan ta yi tafiya. Yanzu da wannan bayani nake fara magana da duk wanda na ga alamar zai kwana a wurinmu, kafin ma in ambaci sunan ciwonsa.

Akwai ɓoyewar da ba ta tsoro ba ce, ta kunya ce. Layin banɗaki a Mina dogo ne, musamman gabanin sallar asuba, kuma dattijo mai yawan fitsari ba ya son alwalarsa ta riƙa karyewa. Sai ya rage shan ruwa da gangan a cikin zafin da ya fi kowane bukatar ruwa, ko kuma mai ciwon zuciya ya ajiye ƙwayar da ke sa shi fitsari, bayan kwana biyu a kawo shi ƙafafu sun kumbura, ruwa ya taru a huhu, numfashi yana yi masa wuya. Idan ka tambaye shi ko yana shan maganinsa zai ce yana sha, domin yana shan sauran. Sai ka ce, "Baba Alhaji, ita ƙaramar da ke tashin mutum zuwa bayi fa, yaushe rabonka da ita?" sannan ya yi murmushi ya faɗi gaskiya. Masu ciwon suga su ma suna da nasu. Allurar insulin takan lalace idan ta wuni a jaka cikin rana, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kuwa ya haura kilomita uku, ga ɗawafi kafinsa, don haka wanda ya yi allura bai ci abinci ba suga yakan faɗi masa a tsakiyar taro. Mafi ban tausayi shi ne wanda takalminsa ya ɓace a ƙofar masallaci ya taka kwalta da tsakar rana, kuma da yake ciwon ya kashe masa jin tafin ƙafa, ba ya sanin ya ƙone sai da dare ya ga fata ta saɓule.

Na kuma koyi cewa wani maganin a bakin malami yake, ba a bakina ba. Wasu dattawanmu ba sa yarda su riƙe lema idan sun ɗaura harami, suna ganin rufe kai ne, alhali ya tabbata a hadisi cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, inuwa da mayafi saboda zafi har ya jefi Jamratul Aƙaba. Haka ma wakilci a jifa ga mara lafiya, malamai sun yarda da shi, sai dai wasu suna cewa da hadaya wasu kuma suna cewa babu. Ni ba na ba da fatawa. Nakan faɗi abin da jiki zai iya da abin da ba zai iya ba, sannan in nemi a kira malamin tawagarsu ya ƙarasa, kuma na sha ganin dattijon da ya ƙi maganata ya karɓi irinta daga malami ba tare da musu ba.

Ta fuskar tsari kuwa, akwai inda doka ta yi aiki sosai. Bayan ɓarkewar sanƙarau a Hajjin 1987, da kuma na 2000 da 2001 da wani nau'i na ƙwayar cutar ya haddasa, aka wajabta allurar rigakafin da ta haɗa nau'i huɗu, a yi ta aƙalla kwana goma kafin isowa, kuma tun daga nan ba a sake ganin annoba irin waccan ba. Alhazan Najeriya ana neman su da shaidar rigakafin shawara da ta shan inna. Inda tsarin yake da rauni shi ne tantance masu ciwon da ya daɗe a jiki. Sharuɗɗan baya-bayan nan sun hana wanda ake yi wa wankin ƙoda, da mai gazawar zuciya mai tsanani, da mai ciwon mantuwa na tsufa, da mai juna biyu da cikinta ya tsufa, amma takardar shaidar lafiya a gida ake sa mata hannu, a hannun likitan da mai neman kujerar zai iya zama kawunsa ko limamin unguwarsu. Na san nauyin wannan, domin ni ma na zauna a irin mazaunin wannan likita. Duk da haka ra'ayina shi ne, likitan da ya rubuta wa mara lafiya cewa lafiyarsa ƙalau bai taimake shi ba, ya dai tura shi inda za a karɓe shi ba tare da an san tarihinsa ba. Da zai rubuta gaskiya, ya lissafa magungunan da sunayensu na asali da adadinsu, da ya fi masa amfani, domin sau da yawa abin da ake miƙo mana shi ne ƙullin leda mai ƙwayoyi farare da ja, babu kwali babu suna.

Sai kuma waɗanda ba su cikin kowace tawaga. A Makka akwai Hausawa da kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan, wasu sun zama 'yan ƙasa, wasu suna da igama, wato takardar izinin zama, wasu kuma a unguwanni irin su Shara Mansur sun rayu shekara da shekaru babu takarda. Daga cikinsu, da kuma waɗanda suka shigo da bizar ziyara suka tsaya, ake samun masu shiga Mina ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji. Ba su da tanti mai na'urar sanyaya ɗaki, ba su da mota ko jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, a ƙafa suke tafiyar, kuma idan jiki ya gaza suna gudun asibiti don kada a haɗa su da askarawa. A 2024 hukuma ta ce an yi wa marasa izini hidimar jinya har sau 141,000, wato ƙofar a buɗe take, amma wanda yake tsoro ba ya karanta sanarwar hukuma. Wata nas da muka yi aiki tare, Bahaushiya haifaffiyar Makka, ita ta koya mini yadda ake karɓarsu. Ba ta fara tambayar suna ko ƙasa ko lambar munduwar hannu, sai ta miƙa ruwa ta ce, "Sannu Inna, ina ne yake miki ciwo?", ta bar cike takarda sai majinyaciya ta samu natsuwa. Ina goyon bayan dokar tasrihi, domin na ga abin da cunkoso da tafiyar ƙafa a rana suke yi wa jikin ɗan Adam, kuma tsaurarawar da aka yi a 2025 ta rage masu kwana a gefen hanya. Amma aikin tantance takarda na masu tsaron shingayen shiga Makka ne, kuma duk lokacin da sababbin likitoci da nas-nas suka zo Mina nakan roƙe su su jinkirta tambayar takarda har sai an auna zafi an ɗaura ruwa.