Blakberin Yaya da abin da aka sayar min a Legas

Wata ranar Asabar cikin Janairun bara ina zaune ƙofar gida nan Agege ina fifita da kwali saboda an ɗauke wuta tun asuba, sai ga kiran bidiyo ta WhatsApp daga yayata da ke aure a Bamingam can Ingila. Ina ɗagawa na gan ta cikin wata jibgegiyar rigar sanyi, hula har kunne, in ta yi magana tururi na fita daga bakinta, ga shebur a hannu tana ta haƙa a bayan gida. Na ce Yaya lafiya kuwa, wa ya aike ki noma cikin wannan uban sanyin? Ta ce Auta dashe nake, blakberina zan ɗaga daga gindin katanga in maida shi inda rana ta fi samu.

Ni dai har ga Allah in aka ce blakberi wayar nan ta BlackBerry ce ke faɗo min a rai, zamanin da in ba ka hira a manhajarta ta BBM a Legas ba a sa ka cikin ƴan gayu. Ashe ɗan itace ne, wayar ce ma ta ari sunan, wai don maɓallanta sun yi kama da ƙananan ƙwayoyin da ke jikin ɗan itacen.

Da ta juyo min kyamara abin da na gani wasu dogayen tsumagu ne masu ƙaya, ganyen ƴan kaɗan suka rage kuma duk sun yi ja-ja, na ce ai wannan ya mutu ki cinna masa wuta kawai. Ta yi dariya ta ce barci yake, kuma barcin nan shi take jira tun bara. In sanyi ya kankama tsiron tsayawa yake cak, ba sabon ganye ba toho, abincinsa duk ya koma saiwa, toh a lokacin ko ka tumɓuke shi ba ya jin jiki sosai tunda ba ganyen da zai riƙa zuƙe ruwa alhali saiwar ta ji rauni. Shi ya sa a can daga Nuwamba zuwa Maris ake wannan aikin, sai dai ba a yi ranar da ƙasa ta daskare ta zama dutse, ko ranar da ta jiƙe ta yi caɓi.

Na fi rabin awa ina kallonta, datana na ta zuba. Ta fara datse tsumagun da almakashin lambu ta bar kamar santimita 25 daga ƙasa, sannan ta zagaye gindin da shebur nesa-nesa don kar ta yanke saiwa da yawa, ta ɗago shi da ƙasarsa ta ajiye kan buhu. Ramin dama tun jiya ta haƙa abinta ta zuba ruɓaɓɓen taki ta cakuɗa. Wurin da ta fi yi min nanaye shi ne zurfi, wai daidai inda ƙasa ta tsaya masa a tsohon wurin nan za ta tsaya a sabon, har ta nuna min zoben da ƙasa ta yi a jikin karan, sama fari-fari ƙasa baƙi. Ta maida ƙasa ta tattake da takalmi, ta tuttula ruwa bokiti guda duk da sanyin nan, ta lulluɓe gindin da busasshen ganye. Tsakaninsa da ɗan'uwansa ya kai mita 2 da wani abu, ga wayoyi ta ɗaure a jikin turaku inda zai hau.

Na ce to yaushe za mu sha? Ta ce bana kam sai dai haƙuri, nan ne na ji abin da ya fi ɗaure min kai. Saiwar tana shekara da shekaru a raye amma kowane kara shekara 2 kacal yake yi, shekarar farko tsawo da ganye kawai, ta biyu ya yi fure ya yi ƴaƴa wajen Agusta zuwa Satumba sai ya bushe a yanke shi, kafin nan wasu sababbi sun fito daga gindi. Wato waɗanda ta datse ɗin nan su ne da za su haihu bana. Kuma in ka bar kan karan ya taɓa ƙasa saiwa yake yi nan take kamar yaɗon dankali, sai ka yanke ka samu sabon tsiro kyauta, shi ya sa a Ingila yake cinye shinge da gefen hanyar jirgi kamar ciyawa, mutane na fita da roba su tsinko ba mai cewa don me.

Toh kun san halin ɗan Adam, kwaɗayi ya kama ni. Sati bai zagayo ba na tsaya wurin masu sayar da fulawoyi a bakin titi hanyar Ikeja, na nuna wa wani baba hoton, ko ƙiftawa bai yi ba ya ce akwai, ya ɗauko min wani tsiro cikin baƙar leda. Na kawo gida na huda gindin tsohon bokitin fenti na dasa. Abu kamar wasa ya yi ta tashi, cikin wata 5 ya wuce ni tsawo, ina ta tura wa Yaya hoto ina cika baki wai ƙasar Legas ta fi ta Turawa albarka. Rannan ta ce Auta matso min da ganyen in gani. Shiru na ɗan lokaci sai ta fashe da dariya har da tari. Ganyen blakberi uku-uku ko biyar-biyar yake fita a sanda ɗaya kamar yatsu, nawa kuwa falle ɗaya ne mai faɗi kamar zuciya, kuma jikinsa itace ne sosai ba tsumagiya ba. Malberi aka sayar min. Ƴaƴansu kam kama suke yi kamar an tsaga kara, don haka ban ma koma na yi wa baban nan rigima ba, ina ga shi ma haka aka faɗa masa.

Shi na gaskiyar sanyi yake nema, yawancin irinsa sai ya kwashe awanni ɗaruruwa cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin idanunsa su buɗe su yi fure yadda ya kamata. Mu kuwa nan Legas ko hunturu ya leƙo da ƙyar ma'auni ke sauka digiri 20, mu ɗauko suwaita muna wayyo sanyi ƴan Jos na mana dariya. Maman yara ta ce to sa shi a firji mana, na ce da wace wutar? Akwai dai ƙasashen da ba sa dusar ƙanƙara kuma suna nomansa, Meziko ce ma kan gaba a duniya, a jihar Michoacán, sun daɗe suna amfani da wani iri da ake kira Tupy wanda Barazil ta fitar a 1988, su datse shi su kakkaɓe ganyen da magani don ya ɗauka ya yi barci ya farka. Amma can ma kan tudu ne mai sanyin dare, ya fi kama da Jos inda sitiroberin da ake talla a goslo ɗin Legas ke fitowa, ko tsaunin Mambila. Jami'ar Akansas a Amurka kuma tun 2004 ta fitar da irin da ke haihuwa a karan shekarar farko, sai dai shi ma in zafi ya haura digiri 30 lokacin fure ƴaƴan ba sa kyau, ga damshin Legas da ke jawo wa ganye cuta kala-kala. Ni dai na sallama, wanda ke Filato ya gwada ya ba mu labari.

Malberin nawa kuwa ya yi ƴaƴa, yara suka maida fararen yunifom ɗinsu shuɗi-shuɗi, tsuntsaye suka yi wa motar mai gidan haya ado har ya aiko a yi min magana. Saiwa ta fasa bokitin, sai na ce bari in yi irin na Yaya. Cikin Fabrairun bana da rana tsaka na tumɓuke shi ko datsewa ban yi ba na maida shi rami ta bayan rijiya, kafin kwana 3 ganyen ya zube tas. Baba maigadinmu, mutumin Ɗambatta ne ya yi noman rani shekaru kafin ya zo Ikko, ya tsaya ya dube shi ya girgiza kai ya ce Alhaji ai ba a dashe da rana na dukan ƙeya, da ka rage masa kai ka bari ruwa ya sauka ka yi da yamma. Ya karɓi adda ya sare shi daidai gwiwa, ya kafa masa ganyen ayaba ya yi masa inuwa, rassan da ya sare kuma ya yayyanka taƙi-taƙi ya soka cikin ledojin fiyawota da ya cika da ƙasa, guda 12.

Jiya na ƙirga 7 sun yi toho, uban ma ya fara fito da wasu ƴan idanu kore a gefe. Baba ya ce kar in kuskura in taɓa ko ɗaya sai ruwan Afrilu ya zauna, kuma biyu nasa ne zai kai gida in ya tafi sallah.