Gidan Haya da Cefane: Abin da Na Gani Wajen Amurkawa Mazauna Akra

Motar da ta ɗauko mu daga Legas ta bi gaɓar teku, ta ratsa Kwatano da Lome, muka shiga ƙasar Gana ta iyakar Aflao, sannan muka isa Akra bayan magariba. Na sauka a unguwar Nima, gidan kawuna wanda ya daɗe yana dillancin gidaje, kuma a 'yan shekarun nan da yawa daga masu nemansa baƙaƙen fata ne 'yan Amurka. Tun da shugaban Gana na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya ayyana 2019 a matsayin Shekarar Dawowa, don tunawa da cika shekara 400 da kai bayin Afirka Birjiniya ta Amurka a 1619, suke ta kwararowa. A Nuwamban 2024 kaɗai an bai wa mutum 524 daga ƙasashen waje takardar zama 'yan ƙasa.

Washegari Kawu ya ce in raka shi unguwar East Legon, inda zai nuna wa wata tsohuwar malamar makaranta daga Atlanta gida mai ɗaki biyu. Maigidan ya faɗi kuɗin hayar da dala, duk da cewa Babban Bankin Gana ya hana sanya farashi da kuɗin waje, kuma ya nemi na shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba. Matar ta zo da tunanin cewa fanshonta zai ishe ta har da rara, sai ga lissafi yana ƙaruwa a gabanta: katin wuta, man janareta saboda ɗauke wuta, da ruwan tanka a ranakun da famfo ya ƙafe.

Da yamma ta nemi mu raka ta wani babban kanti a Osu, kuma a nan ne na fahimci inda kuɗin irin waɗannan baƙi ke zurarewa. Ta ɗauki cuku, hatsin karin kumallo na kwali, da kwalbar niƙaƙƙiyar gyaɗa da aka shigo da ita daga Amurka, ta juya gindinta ta duba farashi, ta ce ya zarce abin da take biya a gida. Ba abin mamaki ba ne, domin kuɗin jirgi da na kwastan duk suna kan kwalbar, ga shi kuwa irin wannan gyaɗar mata na niƙa ta kullum a Nima. Shi ya sa wasunsu ke jiran 'yan'uwa masu zuwa su cika musu akwatuna da kayan da suka saba.

A kasuwar Makola lamarin ya bambanta. Doya, agada, tumatir da kifi suna da sauƙi ga mai dala, amma harshe yana tona asiri. Kawu ya raɗa mini cewa, "Ɗana, da zarar ta buɗe baki farashi ya ninka, ko da fatarta irin tamu ce." Waɗanda suka daɗe sun koyi ciniki, suna hawa toroto, wato ƙananan bas-bas na haya, suna sayen koko da ƙosai da safe, kuma su ne kaɗai na ji suna cewa Akra tana da araha.

Canjin kuɗi ma bai bar su sun huta ba. A Disamban 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, mai dala bai ji jiki kamar mai albashin sidi, kuɗin Gana, ba; amma a 2025 sidi ya farfaɗo daga kusan 15 zuwa kusan 10 a kowace dala, fansho ya tsuke. Ga kuma Amurka da ke bin 'yan ƙasarta da takardun haraji duk inda suke zaune.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓangaren 'yan gari. Masu gidaje sun gane inda riba take, don haka malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ɗan Akra yakan ƙare da neman ɗaki a garin Kasoa da ke wajen Akra, yana shan cunkoson hanya safe da yamma. Kawu bai musa ba, sai dai ya ce la'adarsa ba ta taɓa kauri kamar yanzu ba.