Yadda na samo wa tsohon jirgina na wasan zamiya sabuwar tirela

Jama'a duk wanda yake da tsohon jirgin ruwa irin na jan masu wasan zamiya a kan ruwa ya san cewa jirgin kan fi tirelarsa tsawon rai. Jikin jirgin fiba ne, ba ruwansa da tsatsa, ita kuwa tirelar, wato abun da ake ɗora jirgin a ja shi da mota, ƙarfe ce kuma kullum cikin tsoma ta ake a ruwa a fito da ita. Nawa na 1986 ne, inji lafiya lau, jiki lafiya lau, amma tirelar da ya zo da ita ta gama yawo. Shasinta irin ƙarfen nan ne mai rami kamar bututu mai kusurwa huɗu, ruwa ya shiga ciki ya kwanta shekara da shekaru yana ci ta ciki, daga waje fenti ne kawai kake gani fes. Na ɗau guduma na ɗan bubbuga bayan aksul, wato ƙarfen da tayoyi ke jikinsa, sai naji ƙarar ta mutu, na ƙara ɗan ƙarfi sai kan gudumar ya shige, ɓarɓashin tsatsa ya zubo kamar garin bulo. Na kira wani dattijo mai walda ya duba, ya durƙusa ya leƙa ya zura yatsa a ramin, yace min yaro wannan ba abun da zan kama in liƙa, in na toshe nan gobe can zai buɗe, ka nemi wata kawai. Nace to Baba na gode.

Toh a nan ne na gane cewa neman tirelar irin wannan jirgin ba kamar na sauran jirage bane. Mutane da yawa zasu ce maka jirginka ƙafa 19 ne, ga tirelar ƙafa 19 nan, ɗauki ka tafi. Wallahi tsawo shine abu mafi sauƙi a duk lissafin. Su waɗannan jiragen, irin Ski Nautique da kamfanin Correct Craft ya fara fitarwa a 1961, da MasterCraft da aka kafa a 1968, da Malibu na 1982 da sauransu, injinsu a tsakiyar jirgi yake zaune ba a baya ba, sai wani dogon ƙarfe ya fito daga giya ya huda ƙasan jirgin a karkace ya kai ga farfela. Kenan a ƙarƙashin jirgin akwai kaya a rataye da basa ɗaguwa: ƙarfen farfelar, da marikin da ke riƙe da shi, da ita kanta farfelar, da allon ƙarfen da ke juya jirgin in ka murɗa sitiyari, sannan can wajen tsakiya akwai wasu ƙananan fuka-fukan tagulla guda biyu ko uku a jere, su ke hana jirgin karkacewa idan mai zamiya ya fizgi igiya gefe. Jirgi mai inji a rataye a baya danna maɓalli kawai zakayi injin ya ɗago, ƙasansa ya zama sumul. Namu babu wannan, duk abun da ke ƙasa yana nan a ƙasa, dole tirelar ce zata basu hanya.

Shi yasa kafin in je ganin ko wacce tirela sai da na shiga ƙarƙashin jirgin da tef da takarda, yana kan tsohuwar. Na auna daga zoben gaba da ake ɗaura winci zuwa ƙarshen jirgin ta baya. Na auna daga baya zuwa allon juyawa, zuwa farfela, zuwa inda ƙarfen ya fito daga jiki, zuwa fiffike na farko da na ƙarshe, kuma kowanne na rubuta inci nawa ya sauko ƙasa. Sai na buɗe murfin inji na auna tazarar dogayen katakan nan biyu da injin ke zaune a kansu, waɗanda suka tafi tun daga gaba har baya a cikin jirgin, domin sune ƙashin jirgin kuma a ƙarƙashinsu ko kusa da su ya kamata katakan tirela da jirgi ke zama a kansu su tokare. Wannan takardar ita ta cece ni daga sayen tirela fiye da ɗaya masu kyan gani, ina zuwa zan ɗora tef in ga ƙarfen gicciye na baya miƙe yake, ba a lanƙwasa shi ƙasa ba, in ce a'a, fuka-fukan zasu daki wannan. Kuma ku lura, ba wai inda suke tsayawa bayan an gama ɗora jirgi kaɗai ake dubawa ba, lokacin hawa fuka-fukan sai sun ratsa ta saman ƙarfen baya da aksul kafin su kai mazauninsu, in gangaren da ake sauke jirgi ruwa yana da tsayi kuwa tirelar tana nutse a karkace jirgin yana kwance daidai a kan ruwa, kusurwar ta canja gaba ɗaya.

Tireloli masu rola kam, wato ƙananan tayoyin da jirgi ke zama a kansu, tun farko na cire su a lissafi. Rola tana ɗora duk nauyi a kan ɗan ƙaramin wuri, tsohuwar fiba in ta daɗe a haka sai ta loɓa, sannan jirgin yana iya gangarowa da kansa in an kwance winci da wuri. Dogayen katakai masu kafet sune daidai, kuma su kai har ƙarshen jirgin ko su ɗan zarce kaɗan. In suka tsaya kafin ƙarshe, bayan jirgin yana lilo a iska, a hankali ƙasansa ya lanƙwashe, wanda ya san wasan zamiya ya san ɗan wannan lanƙwasar ta isa ta ɓata yadda ruwa ke kwanciya a bayan jirgi, alhali saboda kwanciyar ruwan nan aka ƙera shi.

Sai maganar nauyi, wadda gaskiya ita tafi ɗaukar min hankali. Abun da kamfani ya rubuta nauyin busasshen jirgi ne ranar da ya fito, ba mai, ba batir, ba kaya. Fetur kaɗai lita ɗaya kusan giram 740 ce, ka lissafa cikin tanki. Sannan jirage da yawa na shekarun 1980 ƙashinsu katako ne kuma akwai soso mai tauri da aka cika ƙarƙashin daɓe da shi, in ruwa ya samu hanya sai soson ya sha ya riƙe, jirgin yayi ta ƙara nauyi kai baka sani ba. Na kai shi kan babban sikelin awon motoci da tsohuwar tirelar a hankali, daga baya da jirgin yana ruwa na auna tirelar ita kaɗai na debe. Da wannan lambar nake zuwa in karanta ɗan allon da ke manne a gaban kowace tirela, inda aka rubuta GVWR, wato iyakar nauyin tirelar da kayanta gaba ɗaya, ba na jirgi kaɗai ba. Aksul ɗaya mai ɗaukar fam 3,500, kusan kilo 1,590, shine aka fi gani a jiragen wannan girman, yana isa amma sai ka cire nauyin ita tirelar ka ga abun da ya rage maka. Ni dai nafi son in bar rara mai kyau.

Akwai kuma inda aksul ɗin yake zaune. Tirelar jirgi mai inji a baya aksul ɗinta can baya yake saboda nan nauyin yake, har ma ta jiragen zamani da injinsu ke can ƙarshe haka take. Ka ɗora mata jirgi mai inji a tsakiya sai nauyi ya taru a kan ƙwallon da ake maƙala tirela a bayan motarka, bayan mota ya zauna. In kuma aka matso da aksul gaba da yawa bakin tirelar yayi sakayau, tana kan titi zata fara wutsiya hagu da dama, wannan kuwa shine mai kifar da mota. Ana neman kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na duka nauyin ya sauka a kan ƙwallon, wasu na kaiwa 10. Sikelin awon mutum na gida ma yana yi, ka ɗora guntun katako a kai ka sauke bakin tirelar daidai tsayin ƙwallon mota.

A ƙarshe wadda na saya ta hannu ce, an cire ta daga ƙarƙashin wani jirgin zamiya na wani kamfanin daban da jikinsa ya lalace. Shasinta buɗaɗɗen ƙarfe ne mai siffar C, ruwa baya kwanciya a ciki kuma duk tsatsar da ke jiki ido na ganinta, tana da kejin kare farfela a baya, ƙarafan gicciyen duk a lanƙwashe ƙasa. Na tabbatar lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17 tayi daidai da ta takarda kafin in biya, domin tirela ba takarda wahala ce a wajen rajista. Katakan ne basu dace ba, Baba mai walda ya yanke ƙafafunsu ya matso da su ciki bisa awon takardata, muka sa sabon katako da kafet, muka ja sandar winci baya har robar da hancin jirgi ke tokara ta zauna daidai saman zoben gaba.

Tayoyin kuwa zanensu kamar sababbi amma lambobi huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke rubuce a gefen taya sun nuna 2314, wato sati na 23 a 2014, tayar tirela tsufa ke kashe ta ba gogewa ba, na canja duka da masu alamar ST, wato na tirela zalla, har da safaya. Boris na buɗe naga giris ya koma fari-fari alamar ruwa ya shiga, sabo na sa da sabon sil. Birkinta irin mai kama kansa ne idan mota ta rage gudu tirelar ta turo, na zuba sabon mai na fitar da iska. Wayoyin fitila na zare su gaba ɗaya na ja sababbi.

Ranar gwaji na zaɓi lokacin da ba kowa a gangaren, na sauke jirgin daga tsohuwar, na tsoma sabuwar har ruwa ya kusa rufe murfin tayoyi, muka jawo shi da igiya da hannu ba tare da tada inji ba. Muka fito da shi kaɗan na leƙa ƙasa da tocila, tsakanin farfela da keji akwai wajen inci 2, fuka-fukan sun wuce aksul basu taɓa ba, amma katakon hagu akwai inda haske ke ratsawa tsakaninsa da jikin jirgin, muka mayar da jirgin ruwa aka ɗaga ƙafar katakon da washa biyu na ƙarfe, irin zobban da ake sawa ƙarƙashin noti, sannan ya zauna daram. Bayan tafiyar wasu kilomitoci na tsaya na dafa tsakiyar kowace taya da hannu, ɗumi ne kawai ba zafi, na sake ɗaure notocin taya na ƙarasa gida.