Hazon hunturu da gudron Takieta

Satin da ya wuce na bi motar kawuna daga Damagaram za mu Matameye, mun tashi bayan sallar asuba cikin sanyin nan mai shiga ƙashi. Ko Tirmini ba mu kai ba hazo ya rufe mu ruf, wallahi hancin mota kawai nake gani sai farin gari kamar an zazzage buhun fulawa a gabanmu.

Su mutanen Faransa ƙanƙara ce ke damunsu a hunturu har taya suke canzawa, mu namu ƙura ce. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta, mai yawa daga kwarin Bodele can ƙasar Cadi, daga Disamba zuwa Fabrairu ta zo ta zauna mana bisa hanya, wani lokacin kwana uku rana ba ta fito da kyau ba.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne maganar fitila. Da na ga duhun ya yi yawa sai na ce Kawu ku kunna babbar fitila mana, ya ce a'a yaro, babbar fitila cikin hazo makanta ce, hasken na bugun ƙura ya dawo maka ido. Ƙaramar ya bari, ya sauke gudu zuwa wajen 40, ya ɗan buɗe gilashi duk da sanyin don ya ji ƙarar abin da ke tafe. Ni dai ina ta takurewa cikin bargo ina jin haushi.

Ba a yi minti goma ba sai ga rassan itace zube bisa gudron, gaba kaɗan kamiyo ne ya yi fanne cike da buhuna, ba fitila ko ɗaya a bayanshi, yaran mota na gefe sun hura wuta. Da muna gudu 90 kamar yadda wasu direbobi ke yi a hanyar nan, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Hannuna ya daɗe yana rawa.

Kuma ba kamiyo kaɗai ba, akwai amalanken shanu da ke fitowa da sassafe ba su da komai mai haske, akwai raƙuma, ga ƴan kabu-kabu da ke naɗe kai da rawani har kunne, ka yi ta oda ba sa ji. Wuce mota a irin wannan yanayi ni dai ban ga uzurinshi ba, ko kasuwa za ta watse.

Da muka isa Takieta Kawu ya sauka daga gudron gaba ɗaya kafin ya tsaya, ya goge fitilu da gilashi da tsumma, ya ciro filtar iska ya kakkaɓe, ƙurar da ta fito sai da ta sa mu tari. Muka sha shayi har rana ta ɗan ɗago, Matameye kuwa sai wajen ƙarfe 10.