Kwarkwaro biyu na zaren raket

A hunturun da ya shigo da shekarar 2024, zaren raket ɗina ya tsinke sau uku cikin mako biyar. Wanda bai taɓa buga badminton ba zai ce ai zare ne, me aka yi aka yi zare? To amma lokacin ne dala ta kama hanyar sama. Tun watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin Fabrairu ya ƙare dala ɗaya ta haura naira 1,500. Zaren nan kuwa ba a yin sa a ƙasar nan, daga Japan ko Sin yake zuwa. Duk ranar da na je saye sai in tarar da sabon farashi, wata ran ma a ce babu.

Mu goma sha ɗaya ne muke haɗuwa a zauren taron wata makaranta a Kaduna, Talata da Alhamis bayan La'asar, Asabar kuma da safe. Akwai ma'aikata, akwai 'yan kasuwa biyu, da likitan dabbobi, da wani tsohon soja dogo. Babu mai burin zama zakaran badminton irin Anuoluwapo Opeyori a cikinmu, tumbi kawai muke ragewa. Mai saƙa mana raket dattijo ne guda ɗaya, da tsohon injinsa na murɗawa da hannu, Baba muke ce masa. Shi ne wata rana ya ce min, "Alhaji, ni dai na gaji da sayen zare ina faɗuwa. Kowa ya zo da nasa, in karɓi ladan hannuna."

Ana haka sai ƙanen matata da ke karatu a Maleshiya ya ce zai zo hutu. Can kuwa badminton kamar ƙwallon ƙafa yake a wurinmu, shagunan kayansa ko'ina. Na zauna na buga lissafi. Fakiti ɗaya mita 10 ne, raket ɗaya ke nan. Kwarkwaro kuma mita 200, raket ashirin, kuma in ka raba kuɗinsa gida ashirin ya fi fakiti sauƙi nesa ba kusa ba. Na tura masa kuɗin kwarkwaro biyu, ina jin na yi wa 'yan canji wayo.

Kuskurena na farko a zaɓi ne. Shekara da shekaru BG65 na kamfanin Yonex nake sakawa, mai kaurin milimita 0.70, wanda kowa ya sani da juriya. Sai wani yaro ya ara min raket ɗinsa mai BG66 Ultimax, siriri, milimita 0.65. Bugu ɗaya na yi na ji wata ƙara, tas, kamar an karya busasshen kara. Wannan ƙarar ce ta saye ni. Na ce duka biyun irinsa za a kawo min. Bambancin 0.05 a ido ba komai ba ne, a aljihu ne ake ganinsa.

Sannan na ƙara da wani karambanin. Na ji manyan 'yan wasa suna ɗame zarensu wajen fam 30 a ma'aunin taurin zare, sai na ce wa Baba ya ɗaga nawa daga 23 zuwa 28. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, hannunka zai iya?"

Na ce ya saka kawai, ai zare ba ya yanke mana yanzu. Ya ce to.

Wata biyu, saƙa biyar. Ga kafaɗa ta fara ciwo, don zaren da aka ɗame sosai ba ya taya ka tura shatul, wato ƙwallon gashin tsuntsun da ake bugawa, ƙarfinka ne kaɗai zai kai shi ƙarshen fili, kuma wurin da bugu ke daɗi a tsakiyar raket ya ragu ya koma kamar tafin hannun yaro. Da ka ɗan kuskure, shatul ya sauka kusa da baki, shi ke nan.

A zuwa na biyar ne Baba ya ajiye aikinsa ya jawo min benci. Ya ce in daina yanke zaren in kawo masa firam tsirara, yana son ya riƙa ganin inda ya tsinke, ko a hoto ne. Na nuna masa a waya. Ya ce zaren da ya tsufa a tsakiya yake mutuwa, inda na tsaye ke goga na kwance, kuma kafin ya tsinke za ka ga ya yi gashi-gashi. Nawa kuwa can sama yake yankewa, dab da firam, fes kamar an sa reza. Ya ɗauki basilla ya zaƙulo ɗaya daga cikin 'yan robobin nan da ke cikin ramukan firam, waɗanda zare ke bi ta cikinsu, ya ɗora min a tafin hannu. Ta tsage gida biyu. Zaren a kan kaifin firam yake kwance, ni kuma ina ta ƙara masa tauri. Ya canza guda shida. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na fakiti ɗaya ba, ni kuwa na riga na zubar da mita 50.

Yankewar da nake yi dai ba laifi ba ce, ya ce in ci gaba, in dai na fara ɗaukar hoton. Na koyi wannan tun shekarun baya, da na bar wani raket da tsinkakken zare kwana huɗu a jaka. Sauran zaren ya ja firam ɗin gefe guda, ya karkace, da aka zo saƙa ya fashe. Tun ranar almakashi ba ya barin jakata.

Na koma BG65 a fam 23, zaren ya shiga yin wata uku. A nan lissafin ya juyo kaina. Saƙa huɗu a shekara, ni kuma na sayi na saƙa arba'in, wato kayan shekara goma na tara, kuma irin wanda ban ma so yanzu. Na rasa yadda zan yi da shi, sai na kai kwarkwaro ɗaya zaure na ce mu yi kamar adashi: kowa ya zuba kuɗin mita 10 a kan kowane raket ɗinsa, in nasa ya tsinke ya yanka.

Mako uku aka yi lafiya. Matsalar awo ce. Ba mu da tef, sai muka ce gaba shida ya isa raket. Gaban tsohon sojan nan kuwa ba irin na likitan dabbobi ba ne. Ga kuma kowa yana ƙara ɗan taƙi don gudun kada ya gaza, tunda zaren da ya gaza da kamu ɗaya asara ne duka, ba a ƙulla shi. Kwarkwaron raket ashirin ya ƙare a raket goma sha bakwai, mutum uku suka biya ba su samu ba. Har aka ɗan yi musayar kalamai tsakanin dattawa masu jikoki, a kan zare. Na cike musu daga nawa na gida, don ni na kawo shawarar.

Da muka sake haɗa kuɗi sai muka canza tsari. Kwarkwaro a hannun Baba yake zama, shi ke yanka, yana rubutawa a littafi. Da yake ya san tsawon da kowane raket ke ci, ya fitar da ashirin da ɗaya. Muka kuma tsaya a kan BG65, wasu yara biyu masu son siriri suna sayen fakitinsu. Wani ɗan uwa ya taɓa kawo mana kwarkwaro mai arha da ya saya ta intanet, da sunan babban kamfani a jiki. Baba ya ɗora shi a inji, yana murɗawa zaren yana miƙewa kamar danƙo, rubutun jikinsa na gogewa da yatsa. Raket ɗaya aka saƙa da shi aka haƙura.

Ragowar nawa ya yi wata guda a but ɗin mota, cikin zafin Afrilu, kafin Baba ya gani ya yi min faɗa, ya ce nailan da zafi da hasken rana ba sa ga maciji. Na mayar da shi aljihun durowa a ɗaki, cikin leda. Wanda duk ke son siriri nakan yankar masa, da tef yanzu.

Kwanan baya na buɗe durowar na ga kamar an taɓa shi. Na tambaya, 'yata ta ce carbin Hajiya ne ya tsinke, ta rasa zaren da zai shiga ramin 'ya'yan, sai ta tuna da nawa.

"Baba, kaɗan na yanka, bai fi kamu huɗu ba."

Na leƙa ɗakin Hajiya bayan Isha'i na tarar tana jan carbinta, farin zaren Japan na leƙowa tsakanin 'ya'yan. Ta ce min wannan zare na wa ne, tana son a ƙaro mata, akwai wani carbin a ƙarƙashin filo da ya daɗe a tsinke.